Daren Asabar a Saman Kwano

A gidanmu rimot yana da masu shi, kuma ba na cikinsu. Ni na sayi talabijin, ni na sayi dikoda, ni na biya yaron da ya hau ya ɗaura dish, amma rimot ba ya zuwa hannuna sai batirinsa ya mutu. Da rana na yara ne da katun ɗinsu. Daga magariba zuwa sha ɗaya na Uwargida ne da ƙanwarta da ke zaune wurinmu tana karatu. Abin da aka yanka mini shi ne labaran ƙarfe tara na NTA, su ma kanun kawai. Da mai karantawa ya shiga bayanin taron da wani minista ya buɗe a Abuja, sai in ji an ce, "Abban yara, ai ka ji masu muhimmancin," a mayar da tasha.

Shi ya sa a majalisarmu ta ƙofar shagon Tela aka san ni da mutumin da ba ruwansa da wasan kwaikwayo. Idan gardama ta kaure a kan Kamaye da Adama na shirin Daɗin Kowa, gyara hula nake yi in ce mu masu iyali ina muka ga wannan lokacin. Tashar Arewa24 dai ta fara aiki a 2014, ba a jima ba ta kawo Daɗin Kowa, kuma tun daga nan duk Asabar ƙarfe takwas za ka same ni a ƙarshen doguwar kujera da jarida a buɗe. Jaridar ta bara ce. Babu wanda ya taɓa tambaya, ni ma ban taɓa juya shafi ba.

To sai Allah ya kawo bikin 'yar ƙawar Uwargida a Zariya. Suka kwashe kaf ranar Juma'a, har da ɗan auta, ba za su dawo ba sai Litinin. Na raka su tasha ina ta jan kunne a kan direba mai gudu, fuskata a murtuke, zuciyata fes.

Ranar Asabar na tsara daren a bayan wata tsohuwar takardar kuɗin wuta. Bayan magariba labaran gida da Hausa a ARTV, tashar jihar Kano. Ƙarfe takwas Daɗin Kowa, a tsakiyar kujera, ba jarida. Ƙarfe tara labaran NTA daga kiɗan buɗewa har hasashen yanayi, ko da ministoci goma ne suka buɗe taro. Daga nan fassarar Indiya a duk tashar da na samu, domin akwai wata suruka a ciki da na daɗe ina son ganin ƙarshenta. Dare ne wanda in ka zauna ba ka tashi sai dai talla ta tashe ka.

Wuta kuwa rabonmu da ita tun tsakiyar mako, don haka na ɗauki galan na nufi wurin 'yan bumburutu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, janaretona ya koma kayan ado, ana tayar da shi ne ranar suna ko ranar da zafi ya nemi hallaka jariri. Na tsaya na yi lissafin awa huɗu, na kalli aljihu, na sayi na awa uku da tawakkali. Na biya ta wurin mai tsire na sa ya yanka mini mai ɗan kitse-kitse, ya barbaɗa yaji, ya zuba albasa da kabeji, ya haɗa da gurasa biyu ya naɗe a takarda. Na karɓi fura mai sanyi a shagon bakin layi. Isha'i ma ban yi a masallacin unguwa ba, saboda limaminmu, Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne mai ba kowane harafi haƙƙinsa. Na tafi na bakin titi, na 'yan kasuwa, inda ake tayarwa da wuri. Ina dawowa na kashe waya na jefa ta ƙarƙashin matashi, don kada wani ya tuna ina da bashinsa.

Takwas saura kwata na buɗe takardar tsire. Na kai hannu ke nan sai na ji sallama a zaure, muryar da ko a mafarki na ji ta sai na durƙusa. Surukina ne, mahaifin Uwargida, tsohon hedimasta, da jakarsa da lemarsa. Ya zo tantancewar 'yan fansho da za a yi ranar Litinin, ya ga gara ya kwana kusa.

Na zube a ƙasa. "Baba, sannunku da zuwa. Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya su Inna?"

"Lafiya lau, Malam. Ya iyali? Au, ashe suna Zariya."

Na kai shi falo, idonsa ya sauka a kan tsiren. Mai karatu, ka san sauran. Na tura masa takardar gabansa, na ce dama yanzu na ce bari in ɗan ajiye ko baƙo zai zo. Ya ce, "Bismillah, matso mana." Na ce, "Alhamdu lillahi Baba, a ƙoshe nake." Rabona da abinci tun kokon safe, domin da gangan na bar wa tsiren wuri. Ina zaune a ƙasa a gefen ƙofa, kaina a sunkuye, ina jin ƙarar albasa a bakinsa. Ya ci a tsanake, yana cewa naman birni ya fi na ƙauye laushi sai dai ba auki. Ya kora da furar.

Saboda girmamawa na kai tashar wa'azi. Ina za ni da wasan da ake zancen aure da kishi a gaban mutumin da ya ba ni 'yarsa? Malamin yana bayanin rabon gado, ni ina satar kallon agogon bango. Takwas ta yi. Takwas da minti biyu. Na riga na yi wa daren nan salla na binne shi.

Sai Baba ya duba agogon hannunsa, ya yi gyaran murya.

"Malam, naku ba ya kama Arewa24 ne? Yau fa Asabar."

Ashe a garinsu duk mako a shagon mai kemis suke haɗuwa, shi da ladan da tsohon malamin gona, har benci aka ware musu. Na ce, "To Baba, yara ne dai ke kallo, bari in gwada ko zan gano inda take." Babban yatsana ya san lambar ko da a duhu, amma sai da na bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya ina ɗan tsaki, don mutunci.

Muna isa, kiɗan shirin yana tashi, sai iska ta taso daga gabas. Wanda ya san hadarin ƙarshen damina a Kano ya san ba ya sallama. Labule ya tashi, ƙofar banɗaki ta buga, bokiti ya bi tsakar gida da gudu. Hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai, fuskar wani ta daskare baki a buɗe, sannan allon ya yi shuɗi ya kawo rubutun Turancin nan mai cewa babu sigina. Ruwan bai fi na jiƙa ƙura ba ya wuce. Hoto bai dawo ba. Na leƙa da tocila, sai ga dish ɗin ya juya baya yana kallon gidan maƙwabta.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "A zamaninmu idan haka ta faru, yaro ake turawa ya juya eriya." Ya dubi dama, ya dubi hagu. Duk gidan babu yaro sai ni, mai furfura a gemu.

Na je aron tsani wurin Tela. Ya ce lafiya da daren nan? Na ce surukina ne ya zo, yana son ganin labarai. Tela mutumin kirki ne, da kansa ya ɗauko tsanin ya kawo. Yana shigowa ya ga haske, ya ji ƙarar inji, alhali duk layin duhu ne ƙirin. Ya ce ai aikin dish ba ya yiwuwa sai da wanda zai tsaya a taga yana faɗa wa na sama abin da allo ya nuna, shi zai taimaka. Na yi godiya. Na soke sifana a ƙugu, na kama tocila da haƙori, na hau rufin kicin.

Kwano jiƙaƙƙe da dare ba wurin mai tumbi ba ne. Sai ka bi layin ƙusa, nan ne katako yake a ƙasa, in ka taka tsakiya ya lotsa ya yi ƙarar da za a ji a layi na uku. Na rarrafa har kusurwar da aka kafe dish ɗin a jikin katanga. Notin da ke riƙe wuyansa ya ci tsatsa, iska ta ƙarasa shi. Na ɗora sifana na murɗa, ya juya, na ƙara murɗawa, ya ƙara juyawa, babu abin da yake kamawa. A murɗawa ta gaba ya fita gaba ɗaya, na ji shi yana gangarawa, ƙil-ƙil-ƙil, ya bi indararo ya faɗa kwata.

Yaron da ya ɗaura mana shi ya taɓa gaya mini, lokacin da nake ƙorafin kuɗin aikinsa, cewa tauraron da dish ke kallo yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000, a tsaye daidai wuri ɗaya, kuma idan ka kauce masa da faɗin yatsa ka rasa shi. A lokacin na ɗauka kurin masu sana'a ne. Na kama gefen kwanon da hannu biyu na fara juyawa a hankali.

"Babu!" in ji Tela daga taga. "Babu! Ƙara! Ya fara zuwa! Ya tafi! Koma baya! Ba can ba, ɗaya bayan!"

"Wane ɗaya bayan?"

"Wajen gidan mai unguwa! Ɗaga kaɗan! Yauwa! Ya zo! Tsaya haka! Kada ka motsa!"

Na tsaya haka. Na ɗan sassauta hannu in ga ko zai zauna da kansa, sai ya sunkuyar da kai. Daga ƙasa na ji "Kai!" da murya fiye da biyu. Na mayar da shi da sauri, na rungume shi kamar mai riƙe rago ranar Layya. Tela ya ce in daure zuwa talla, sai a nemo waya a ɗaure.

Muryoyin da na ji kuwa ba kunnena ba ne. Hasken taga da ƙarar inji sun yi shela. Mai shayi ya rufe tebur ya shigo gaishe da baƙo. Ɗan acaɓan da ke haya a gidan Tela ya shigo cajin waya. Almajiran makarantar bayanmu suka jeru a bakin ƙofa. Wata maƙwabciya ta aiko yara uku su tambaya ko Uwargida ta dawo, yaran ba su koma da amsa ba. Daga inda nake ina hango takalma suna taruwa a ƙofar falona.

Haka na kalli Daɗin Kowa, idan ana kiran wannan kallo. Sai in ji falo ya ɗauki dariya gaba ɗaya, in tambayi kaina wa ya yi me. Sai a yi tsit, can in ji Baba ya ce, "La'ilaha illallahu, wannan mata!" Wace mata? Matan garin Daɗin Kowa da yawa, kuma kusan kowacce ta cancanci salati. Na ƙwala wa Tela kira in ji bayani, inji ya fi ni murya. Sauro kuma suka gano cewa ga mutum hannunsa biyu a ɗaure. Wanda bai taɓa korar sauro da kafaɗa ba, bai san amfanin kafaɗa ba.

Talla ta zo. Na ce alhamdu lillahi, na juya in nemi tsani da ƙafa. Babu tsani. Daga baya na ji cewa iskar ta ɗaga kwano ɗaya a ɗakin matar Tela, ta aiko babban ɗansu ya ɗauke abinsu. Yaron ya yi sallama, ba a amsa ba, ya ɗauka ya tafi.

Babu wanda ya tuna da zancen waya, domin Baba ya buɗe aji. Ta taga nake jiyo shi yana ba su tarihin talabijin, da muryar da ya yi shekaru yana tsawata wa 'yan firamare. Wai kafin a haɗe tashoshi a kafa NTA a 1977, ta Kaduna suke kamawa da ƙyar. Wai akwatin mai ƙofa ne na katako, da makulli, baƙi da fari, mai hali ya manna masa shuɗiyar roba ya ce ya yi kala. Tasha ba ta buɗewa sai la'asar, a fara da taken ƙasa, tsakar dare a rufe da shi kowa ya kama gabansa. Ya lissafo musu Samanja na Usman Baba Pategi da Hausarsa ta bariki, da Ƙarƙuzu daga Jos, da Ƙasimu Yero. Ya ce ita ARTV ɗin nan da suke gani, sunanta CTV 67 lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa ta. Ya ce a lokacin gida ɗaya ke da talabijin a unguwa, kowa ya zo da tabarmarsa, kuma kallo a cikin jama'a ya fi daɗi.

Wannan duk na sani, domin ina wurin. A unguwar da na tashi, talabijin ɗin gidan mai unguwa ce, eriyarta a kan doguwar gora, kuma ni ne yaron da ake turawa ya juya gorar saboda ni ne mara kuɗin gyaɗa. An bar gora an koma tauraron ɗan'adam, an bar baƙi da fari an koma allo mai faɗin ƙofa, na yi karatu, na yi aure, na haifi 'ya'ya, aikina bai canja ba.

Ana dawowa daga talla sai haske ya dalle mini ido daga kan titi.

"Kai! Wane ne nan? Me kake yi a saman gidan mutane?"

'Yan sintirin unguwa ne su biyu, da gora da usur. Kuɗin sintirin nan duk wata ina biya, ban taɓa ganin sun kama kowa ba sai ranar.

"Ni ne mai gidan!"

"Mai gida ne zai hau kan gidansa da dare da sifana a ƙugu? Kwance dish kake yi! Ɗaga hannunka sama!"

Mutum da gora a hannu ba a yi masa dogon bayani. Na ɗaga. Dish ya sunkuya. Ihun da ya tashi daga falona sai da ya sa su kansu 'yan sintirin suka ja da baya. Labulen taga ya yaye, kan Baba ya fito.

"Wa ya ce ya saki?"

Ɗaya daga cikinsu ya shiga bincike. Ina ji Baba yana ba da shaida a kaina, shaidar da tun ranar ɗaurin aure ban ji irinta ba. Wai surukinsa ne, mutumin kirki, mai biyayya, ba ya ƙetare magana. "Ku bar shi ya riƙe." Wanda ya shiga bai fito ba. Na wajen ya jira, ya gaji, ya jingine gorarsa ya bi sawu. Takalma suka ƙaru.

Ƙarfe tara na ji kiɗan buɗe labaran NTA, wanda duk ɗan Najeriya ya san shi ko daga bayan katanga. Na ce yanzu taro zai watse, a tuna da ni. Ina! Baba ya ce kowa ya yi shiru, wataƙila a yi maganar 'yan fansho. Na daɗe ina burin jin labaran nan daga farko har ƙarshe ba a katse ni ba, to ranar ba a katse ni ba. Ministoci sun buɗe taro, gwamnoni sun kai ziyara, an yi wasanni, an yi hasashen yanayi. Mai hasashen ma, gwargwadon abin da na tsinta ta cikin ƙarar inji, bai faɗi abin da ban riga na sani a jikina ba. Maganar fansho ba ta zo ba.

Daga nan aka shiga neman fassarar Indiya, Tela na cewa a kai nan, mai shayi na cewa a kai can. A daidai lokacin inji ya yi tari. Ya sake yi, ya ja numfashi, ya mutu. Duhu ya rufe gidan, shiru ya sauka, na ji kukan kwaɗi. Tun da aka cire tallafi ban taɓa sa wa tsadar mai albarka ba sai a wannan minti.

Murnata ba ta yi nisa ba na ji ɗan acaɓa yana cewa ai abu mai sauƙi ne, a yi karo-karo, ko kuma ya zuƙo lita ɗaya daga tankin babur ɗinsa. Nan fa na manta da surukuta, na buɗe murya iya ƙarfina na ce, "Jama'a, a kawo tsani!" Aka yi tsit. Sai na ji mai shayi yana tambaya a hankali, "Au, wai har yanzu yana sama?"

Aka kawo tsani na sauko, hannuwana sun ƙi miƙewa, na tsaya a tsakar gida a yadda na riƙe dish. Kowa ya yi mini sannu, aka yaba hoton, wai bai taɓa fitowa tar irin na yau ba. Na tambayi abin da ya faru a shirin, don in san abin da zan gaya wa Uwargida. Tela ya fara, mai shayi ya ce ba haka aka yi ba, ɗan sintiri ya ce shi daga tsakiya ya shigo amma dukansu sun yi kuskure. Suka fita suna gardama. Baba ya ce labarin da tsawo, sai da safe. A takardar tsire na samu yankan kabeji biyu da ɗan yaji, na lashe a kicin a tsaye.

Da na kunna waya sai ga saƙon Uwargida da ban duba ba tun ƙarfe biyar: Baba yana hanya, in saya masa tsire, yana so.

Gari na wayewa na kira yaron dish. Ya ce yana ƙauye ana yankan gero, sai Talata in Allah ya kai mu. Na shiga gaishe da Baba da koko da ƙosai. Ya sha, ya yi hamdala, ya ce jiya ya ji daɗin zama da mutanen unguwarmu, mutane ne masu zumunci. Sannan ya tambaye ni ko na san yau Lahadi, akwai shirin Kwana Casa'in ƙarfe takwas, yana so ya ga inda siyasar Alfawa ta cikin shirin ta kwana. Na ce to Baba, sai dai notin ya ɓace. Ya ce ba komai, Allah ya yi mini albarka, in dai ci abinci da wuri.

Bayan la'asar aka yi sallama. Na fita, sai ga babban ɗan Tela da tsani a kafaɗa da maganin sauro a hannu. "Wai in ji Baba a ajiye tun yanzu, kuma wai mutum nawa falon zai ɗauka, don 'yan layin baya ma sun ji labari."